Iskar da ta ɓata hanya a ƙirjin maigidana

Assalamu alaikum, mai gabatar da shirin lafiya, barka da aiki. Sunana Hassana, daga Gurbin Bore.

Da kakar bana maigidana ya faɗo daga kan amalanken shanu yana ɗauko dawa. Ko ɗigon jini bai fita ba, amma kafin la'asar numfashinsa ya koma sama-sama, magana ma sai da hannu. Muka garzaya da shi asibiti a Kaura Namoda.

Likita ya ce haƙarƙari ne ya karye ya huda huhun dama, iska ta zurare cikin ƙirji ta matse huhun. Ya ce, "Na hagun ne ke riƙe da shi yanzu." Wallahi ban taɓa sanin huhu ɗaya na iya riƙe mutum ba.

Suka saka masa bututun roba tsakanin haƙarƙari, ɗaya bakin a cikin kwalbar ruwa. Da ya yi tari sai ruwan ya yi kumfa. Na ce wa wata nas, "Baiwar Allah, ba ransa ke fita ba?" Ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, kwantar da hankalinki, iskar da ta ɓata hanya ce ke fita."

Da kumfar ta daina aka cire robar. Alhamdulillahi, yanzu har kasuwar Shinkafi yake zuwa.

Tambayata ga likitan shirinku: iskar da muke rayuwa da ita, yaya take zama cuta don kawai ta fita bayan huhu? A yi mana bayani yadda za mu gane.

A gaishe min da nas ɗin nan. Ruɗewa ta hana ni tambayar sunanta, amma kullum tana cikin addu'ata.