Yadda Na Bar Idona na Hagu a Jidda

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance da ku. Ni ne Bitrus. Kun saba ganina da baƙin tabarau, yau zan faɗa muku dalili.

A shekarun saba'in na tafi Jidda aikin walda, na bar matata Rifkatu da ciki. Kafilina, wato Balaraben da ya ɗauko ni aiki, ya karɓe fasfona ya miƙo mini iƙama, takardar izinin zama. Da aka karanta mini, sai na ji an rubuta ni mai aikin lambu. Wai bizar lambu ce ta fi masa sauƙin samu.

Ni mutum ne mai zullumi tun ina yaro. Duk sanda na sa takardar nan a aljihu, sai in ji ƙarya nake ɗauke da ita a ƙirji. Na yi ta roƙonsa ya sallame ni in koma gida, kullum sai ya ce gobe. Ba sa hannunsa, ba fita daga ƙasar.

Wata rana a garejinsa na unguwar Waziriyya, ɓarɓashin ƙarfe mai zafi ya fantsamo cikin idona na hagu. Kafili ya ce, "In ka je asibiti ka ce ƙayar dabino ce. Mai lambu ba ya walda. In ka ambaci ƙarfe, ni a ci ni tara, kai kurkuku."

Na kasa yin ƙarya, na kuma kasa faɗin gaskiya. Sai na ƙi zuwa asibitin. Na ɗaure idon da tsumma, ina ɗiga masa ruwan gishiri, har ya fara ruwa, na daman ma ya soma ja.

A bakin ɗakinmu a unguwar Sa'alaba akwai Baba Hamza mai shayi, Musulmi, Bahaushe haifaffen Jidda. Kullum tsokanata yake: "Mai lambu, ina tumatir ɗina?" Ran nan ya ɗaga tsumman, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, takarda za ta yi maka jagora in ka makance? Yalla, tashi."

Na ce ya ba ni minti kaɗan. Na shiga ciki na durƙusa. Ban da hawaye, abin da na iya faɗi shi ne: "Ya Uba, na gaji da tsoro. Ka riƙe bakina."

A asibiti, likita ya tambayi abin da ya shiga idon. Na ce, "Ƙarfe. Walda nake yi." Ya duba ya girgiza kai. Ya ce da na zo da wuri, da an cece shi. Wannan magana har yau tana ci mini rai. Suka cire na hagun, na daman ya tsira.

Maganar ta kai ofishin ma'aikata. Kafili ya fusata, ya jefo mini fasfona ya ce, "Halas, an gama, bar ƙasar, kada ka dawo." Shi a ganinsa horo ne. Ni kuwa abin da na daɗe ina roƙo ke nan.

Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi da wuri, kada ku jira kamar ni. Ku kuma tuna da waɗanda fasfonsu ke aljihun wani har yanzu.

Da na iso gida, Rifkatu ta ɗora mini 'yarmu a cinya. Ido ɗaya ya ishe ni ganinta. Amin.