Gyaɗar da Ta Ƙi Tsirowa a Aji Uku

Masu sauraro, ku gaya mini: wace gyaɗa ce ko ta shekara a ƙasa tana shan ruwa ba za ta tsiro ba?

Sannu da aiki, ɗana mai gabatarwa. Kaka Laraba ce daga Akurba. Malamar aji uku ta ce kowane yaro ya shuka gyaɗa a gwangwanin madara. Jikana Nasiru, angon nan nawa, ya zo da gudu, na ɗebo masa a kwano ban duba ba. Bayan sati, gwangwanin kowa ya yi kore a bakin taga, nasa shiru. Yara suka yi ta tsokanarsa, ya ce shi da makaranta har abada!

Sai na tuna kwanon da na ɗeba. Na ja shi har aji, na ce, "Malama, ni za ki zane, ba angona ba." Ajin ya kwashe da dariya, muka sake shuka wata. Jiya ya shigo yana ihu, "Kaka, ta fito! Ganye biyu!" Wallahi har guɗa na yi!

A gaishe mini da Malama Dooshima da 'yan aji uku. Amsa kuwa, soyayyar gyaɗa ce. Ita na ba shi.