Wayoyi Ashirin da Uku a Ƙofar Gidana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin perefen Dungass, mai girma shugaban komin ɗinmu ta Dogo-Dogo, mai martaba wakilin sarki, masu unguwanni da shugabannin makiyaya, limamanmu masu daraja, malaman da suka horar da mu, iyaye mata da ke zaune can ƙarƙashin darbejiya, baƙinmu na Mallawa da na Guci da suka sha hanya tun hantsi, jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana ranar rufe wannan horo na mako guda a kan amfani da intanet. Ina godiya ga hukuma da ta shirya shi, ina godiya ga waɗanda suka dafa abincin da muka ci, ina kuma godiya ga ƴan'uwana ɗalibai da suka ce ni, mafi tsufa a cikinsu, ni zan yi magana da yawunsu. Ga wanda bai san ni ba, sunana Issoufou, shekara talatin da ɗaya ina yi wa shanunku da awakinku allura, har na ajiye aiki. An roƙe ni in faɗi abin da mutum zai duba idan intanet ɗin gidansa ya yi nauyi. Zan faɗa, amma ba daga takarda ba. Zan faɗa kamar yadda ya same ni, domin ni ba a aji na fara koyon wannan darasi ba.

Bara, ana cikin yankan gero, ciwon ƙoda ya kama maiɗakina Haoua. Likitocin Damagaram suka yi iyakar ƙoƙarinsu, daga baya ɗanmu Nassirou da ke aiki a Yamai ya ɗauke ta zuwa wurinsa, inda ake wanke mata jini sau biyu a mako. Na so in bi ta, ta hana. Ta ce, "Malam, idan ka biyo ni, wa zai ba tumakin ruwa? Wa zai buɗe ƙofar gidan nan da safe?" Shekara arba'in da biyu muna tare, ban taɓa kwana goma ban ga fuskarta ba. Sai ga ni ni kaɗai a gida mai ɗaki huɗu, ina dafa shayin mutum biyu bisa mantuwa, ina zubar da rabi.

Nassirou ya aiko mini da akwatin wifi, ɗan fari, mai fitilu kore, aka haɗa mini shi da batirin pano, wato farantin wutar hasken rana. Muka yanke lokaci: kullum bayan sallar la'asar zan kira ta wasap, in gan ta, ta gan ni. Makon farko abin ya yi daɗi. Daga nan sai ya fara nauyi. Fuskarta ta tsaya cak kamar hoton bango, bakinta a buɗe, maganar ba ta iso ba. In ce, "Yaya jiki?" sai in yi ta jira, amsar ta zo bayan na riga na yi wata tambayar. Wata rana abin da na samu daga gare ta a yini guda bai wuce "Malam, kana ji na?" ba, har sau bakwai, layin ya yanke.

To, jama'a, ga abu na farko: ku duba inda kuka ajiye akwatin. Ni, don ganin darajarsa, cikin ƙuryar ɗaki na sa shi, a ƙarƙashin gado, na lulluɓe shi da zane kada ƙura ta taɓa shi. Bangon ƙasa mai kauri, rufin kwano, ga zane a bisa. Ta ina rezo, wato sabis ɗin waya, zai shiga? Maƙwabcina Bubakar, abokina tun muna yara, shi ya ce in fito da shi zaure in rataye shi sama kusa da taga. Na yi haka, fitila ɗaya ta koma uku. Na ji daɗi, na ba Bubakar kod ɗin shiga don ya riƙa sauraron wa'azi a wayarsa.

Abu na biyu: ku duba wutarsa. Idan batiri ya yi rauni, akwatin yana nan a kunne amma ba shi da ƙarfi, kamar saniyar da ke tsaye alhali ba ta cin abinci. Na goge ƙurar pano, na canja igiyar da ɓera ya ɗanɗana. Kuma na koyi kashe shi, in ƙirga ashirin, in sake kunnawa. Wannan ƙaramin abu yana warkar da ciwo da yawa.

Abu na uku ya shafe mu musamman, mu mazauna bakin iyaka. Ku duba ko forfe ɗinku, wato datar da kuka saya, ya ƙare ba ku sani ba, ku kuma duba ko layinku ya tsallaka ya kama rezon Najeriya, domin yakan yi haka ba tare da ya yi muku sallama ba. Duka biyun na duba. Duka biyun na gyara. Amma abin bai daina nauyi ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, kuma a daidai la'asar ɗin nan da nake bukatarsa.

A wannan lokaci wani abu ya canja a ƙofar gidana. Dakalin da ya yi shiru tun tafiyar Haoua ya cika. Bubakar yana zuwa, masu babur suna tsayawa su huta, mahauta biyu suna zama bayan sun tashi daga aiki, su Tabawa, matan unguwa da ke dawowa daga rijiya, suna jinginar da tulunansu a jikin katangata. Na ce a raina, Allah Ya saka wa mutanen Dogo-Dogo da alheri, sun ga tsoho shi kaɗai, sun zo ɗebe masa kewa. Na sayo ƙarin kofunan shayi. Na shimfiɗa tabarma ta biyu.

Wata uku ina fama. Rannan na ɗauki akwatin na sa a jaka, na hau babur zuwa Magaria, wurin Malama Kadi mai gyaran wayoyi, wadda ga ta can zaune cikin malaman da suka horar da mu. Ta gwada shi a shagonta, ya yi gudu lafiya lau. Ta ce, "Baba, akwatinka ba shi da ciwo. Ranar kasuwa ina zuwa garinku, zan biyo in gani da idona."

Ta zo da la'asar, ta ratsa jama'ar da ke dakali, ta shiga zaure, ta buɗe wani shafi a wayarta, ta duba. Sannan ta ce, "Baba, mutum nawa ne a gidan nan?"

Na ce, "Ni kaɗai, ƴata."

Ta ce, "To waya ashirin da uku ke shan wannan akwati yanzu haka. Taka ce ta ashirin da uku."

Wannan shi ne abu na huɗu, kuma shi ne babba: ku san yawan wayoyin da ke kan akwatinku. Rijiya ɗaya ce, guga ashirin da uku a ciki, wane ruwa zai iso hannunka? Bubakar ya ba ƙanensa kod, ƙanen ya ba abokinsa, haka ya bi unguwa. Na leƙa ta taga na dubi baƙina, na ga abin da wata uku ban gani ba: kowa kansa a sunkuye, kowa idonsa a kan tafin hannunsa. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi zafi. Na ce, "Canja shi, ƴata. Yanzu." Ta ce, "Ka tabbata, Baba?" Na ce na tabbata.

Kafin shayi ya huce, dakali ya fara raguwa. Wannan ya ɗaga wayarsa sama, wancan ya girgiza tasa, ɗaya bayan ɗaya suka tuna da ayyukan da ke jiransu. Bubakar ne ya rage. Ya ce, "Likita, rezo ya ɗauke ne?" Na ce, "Bai ɗauke ba, na rufe shi ne." Ya dube ni, ya sa takalminsa, ya ce, "Allah Ya ba mu alheri." Ya tafi.

Washegari na kira Yamai. Jama'a, hoto ya fito tar, murya ta fito tar, kamar tana zaune gabana a kan tabarma. Kuma a ranar ne na ga abin da nauyin intanet ya ɓoye mini wata uku. Na ga kumatunta sun faɗa. Na ga wuyanta ya zama kamar na yarinya. Na ga zoben da na sa mata ya koma babban yatsa don kada ya zame. Duk lokacin nan tana ce mini da sauƙi, ni kuma ina yarda, domin hoton da ke tsayawa ba ya nuna rama. Na daure har muka gama. Na fito ƙofar gida ina neman wanda zan ce wa, "Kai, jikin Haoua ya yi tsanani." Tabarma biyu na tarar, da kofuna a kife.

Kwana tara na yi haka. Intanet yana gudu, gida shiru. In yi sallar la'asar, in kira, mu yi magana ba yankewa, in ajiye waya, in zauna ina sauraron tumaki suna tuƙa. Bubakar yana gaishe ni a masallaci, gaisuwa cikakka, amma ba ya tsayawa.

Rana ta goma Haoua ta ce, "Malam, ina mutanen?"

Na ce, "Waɗanne mutane?"

Ta ce, "Waɗanda nake jin hayaniyarsu a bayanka. Tarin Bubakar, dariyar su Tabawa, ƙarar babura. Da, ko ban ji maganarka ba, ina jin su, sai hankalina ya kwanta, in ce Malam ba shi kaɗai ba ne. Yanzu ina jin ka sarai, amma bayanka kamar maƙabarta."

Na gaya mata abin da na yi. Na ce ba don ni suke zuwa ba, don akwatin ne. Ta ce, "To da suka zo don akwatin, ba su gaishe ka ba? Ba su sha shayinka ba? Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai, wa ya lura ba ka fito ba? Ka mayar musu, Malam. Ni ba na so in tafi in bar ka da waya."

Ranar na tafi gidan Bubakar da ƙafata, na ba shi haƙuri, shi ma ya ba ni. Ya rantse bai san cewa yawansu ne ke hana ni ganin iyalina ba, kuma na yarda da shi. Shi ya kawo shawarar da zan ba ku a matsayin abu na biyar, wanda babu shi a littafin Malama Kadi: idan kun raba kod da maƙwabta, ku raba lokaci da su. Muka yi yarjejeniya. Kowa ya sha yadda yake so, amma daga sallame la'asar zuwa rabin awa, kowa ya kashe wifi a wayarsa. Bubakar ya zama mai tsaro. Da an idar da salla sai ka ji muryarsa, "Lokacin Hajiya ya yi!" kowa ya kife wayarsa a cinya. Ni kuma in fito da tawa dakali, in juya ta, Haoua ta gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi farashin wake, ta tambayi wadda ta haihu, ta yi wa mahauta faɗan tsadar nama.

Wata biyu muka samu a haka. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan azumi, na kira, Nassirou ne ya ɗauka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A Yamai aka yi mata sutura, ban isa can ba sai da aka dawo daga maƙabarta.

Da na komo gida bayan addu'ar bakwai, na zaci yarjejeniya ta ƙare, tunda babu wadda za a kira. Amma ranar farko, da aka sallame la'asar, ba wanda ya yi shela, sai na ga kowa ya kife wayarsa. Muka zauna. Can Bubakar ya ce, "Likita, akuyata ba ta cin dusa kwana biyu, me ka gani?" Har yau haka suke yi. Akwatin yana rataye, fitilunsa uku a kunne, ba mai taɓa shi tsawon rabin awa. Ban ce su daina ba, kuma ina roƙon kada wani a cikinku ya gaya musu cewa babu sauran dalili, domin a yini guda wannan rabin awa ne kaɗai nake jin an kira sunana.

Ya Allah, Ka jiƙan Haoua, Ka jiƙan dukkan waɗanda suka riga mu. Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na nesa. Ka dawo mana da ƴaƴanmu da ke neman abinci a ƙasashen mutane. Ka albarkaci malamanmu, Ka yi wa shugabanninmu jagora, Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Wanda yake zaune shi kaɗai a gidansa, Ka ba shi maƙwabci mai leƙa shi. Ka mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.