Shaƙuwar Akuya

A tashar bas da ke gaban wani silima a garin Glendale na Amurka, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani mutum mai tawada a yatsu ya tare wata dattijuwa da ta fito daga ciki.

"Baiwar Allah, kin ga ɗan fim ɗin zanen da aka gwada yau?"

"Na akuyar da ta haɗiye agogo? Na gani."

"An yi dariya da ta fara shaƙuwa?"

"Kai ba ka shiga ba?"

"Ni na zana ta. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

"To, mutum biyu sun yi. Ɗayan ma ina jin tari ne."

"Na shiga uku. Maigida ya ce in ba a yi dariya ba, gobe zai yanke wurin, ni kuma ya sallame ni."

"Ya yanke shaƙuwar?"

"Gaba ɗayanta."

"Ka san wanda ya yi ta?"

"Wendell, mai ɗaukar sautinmu. Lemon kwalba ya yi ta ɗirka har ta kama shi da gaske. Yanzu yana bakin daga."

"Ɗana ne. Tun da jirginsu ya tashi ban ji muryarsa ba sai yau."

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Malam, yanzu na tuna. An yi dariya sosai. Wani har ya faɗo daga kujera."

"Kin ce mutum biyu."

"Kunnena ba kyau. Maigidan naka yana ciki?"

"Shi ne mai jan taye a wuya. Ga bas ɗinki."

"Bar shi ya wuce. Riƙe mini jakar nan."