Ku Cire Ni Daga Fim ɗin Chebo

Shugaban magoya baya, Don Fermin, barka da rana. Fada Anselmo, barka da rana. Malam Radames da ya haɗa fim, Chebo gwarzonmu, iyayena mata, iyayena maza, da duk wanda ya cika ɗakin nan, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni abin magana. Ban taɓa riƙe shi ba.

Abu ɗaya na zo roƙo. Ku cire ni daga fim ɗin nan kafin ku aika shi gidan talabijin.

Na ji dariya daga baya can. Ba komai. Ni ce mai suyar yanikeke, wainar fulawar nan, a bayan katangar filin besbol, wasanmu na buga ƙwallo da kulki, wadda ƙwallon Chebo ta faɗa wa cikin kwanon fulawa. Sunana Nereida. Shekarata biyu a garin nan, yau ne na fara faɗin sunana a gaban mutum fiye da uku.

Tun ɗazu ina zaune ina jin ra'ayinku. Don Pascual ya ce mai jifa lallaɓo wa Chebo ƙwallon ya yi, ko kakarsa za ta buga ta. Donya Chela ta ce masa, "Kai da ko kwakwa ba ka iya bugowa, rufe mana baki, tsoho!" Wani ya ce fim ya yi tsawo. Wani ya ce an manta da marigayi Tolentino, wanda ya shekara talatin ba a kai shi yawan honron ba, wato bugun da ke fitar da ƙwallo waje da fili, da kulkin da ya sassaƙa da hannunsa. Kun yi musu a kan komai. Wuri ɗaya ne kawai ba wanda ya yi musu: honron ɗin Chebo na ashirin da huɗu, ƙwallo ta tsallake katanga, fulawa ta tashi, ga ni fari fat, ga 'yata Mili a kwankwasona tana tafi. Kowa ya ce nan ne daɗin fim.

Ni ma na yi dariya da na gani. Sai na kalli bayana a hoton, na ga allon nan mai sunan fili da sunan gari. Ban iya karatu ba, amma na san abin da allo yake yi. Gaya wa mutum yake inda kake.

To, ga magana ta farko. Uban Mili bai san inda muke ba. Na bar shi tana wata uku, da kayan jikina da ita. Ba zan faɗi sunansa ba. Ku dubi hannun nan na hagu, ba ya miƙewa. Kun sha tambayata, na ce faɗuwa na yi daga babur. Ba babur ba ne. Kulki ne, irin na Chebo.

Ta biyu. Mutumin nan ba ya zuwa coci, ba ya zuwa jana'iza, amma besbol ba ta wuce shi. Ko ta yara ce aka sa a talabijin ɗin shagon unguwa, yana can kan kujerar gaba da kwalbarsa. Zai gani. Shi fulawa ba za ta ɓoye masa fuskata ba. Kuma shi ya iya karatu.

Ta uku, ban san yadda zan faɗe ta ba. Kafin ƙwallon nan, ba wanda yake gaishe ni. A miƙo kuɗi, a karɓi suya, ido na kan fili. Ku kuna ciki kuna ihu, ni ina bayan katanga, da ihun nake gane ko mun ci. Ranar Lahadi in an watse, ni da Mili da kasko muke tafiya gida. Ban yi fushi da kowa ba, ni na zaɓi haka. Yanzu kuwa masu babur sai su ce, "Mai tsaron baya, yaushe za ki sa hannu da manyan ƙungiyoyi?" Wallahi daɗi nake ji. Wata biyu ke nan ina jin kamar 'yar garin nan ce ni. Abin da ya sa kuka san ni, shi nake roƙo ku goge.

Chebo, ɗan'uwana, ban zo rage maka komai ba. Ka buga, duniya ta gani. Ga ƙwallon da ka ba Mili, na kawo. An ce ka yi rubutu a jiki, ban ba kowa ya karanta min ba, don kar a riƙe ta a ƙi dawo min da ita. Malam Radames, ɗauke ta. Ka sa Donya Chela ta tsaya a wurina, a watsa mata fulawa. Ita da bakinta ta ce min, "Yarinya, da ni ce, da na yi rawa ma."

Don Fermin ya ce za a ɗaga hannu. In kuka ce a aika shi haka, ba zan zagi kowa ba. Jakata a ɗaure take, motar Litinin da safe za mu bi. Sai dai ban san wani garin ba kuma, na gaji da zama inda ba a san ni ba.

Allah ya tsare muku 'ya'yanku. Allah ya ƙara wa Chebo ƙarfin hannu. Uwa Maryamu ta rufa mana asiri gaba ɗaya.

Kafin ku, mutum biyu na gaya wa. Na gaya wa Malam Radames, ya ce fim ba nasa ba ne, naku ne, in zo in faɗa da bakina. Na kuma gaya wa Mili da safen nan ina yi mata kitso. Na ce, "Wataƙila za mu yi tafiya." Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Honron!"

Na gode.