Dokta Jalaluddeen da dutsen ƙarƙashin teku

Shugaban tsangaya, shugaban sashen ilimin duwatsu, wakilin dattawan Ƙofar Marke, malamai da ɗalibai, uwargidan marigayi Hajiya Balkisu, ɗansa Abdulshakur, jama'a baki ɗaya, barkanmu da haƙuri.

Sunana Irmiya, ni ne mai yanka duwatsu a ɗakin gwajin sashenmu. Shekara ashirin da huɗu na yi ina aiki ƙarƙashin Dokta Jalaluddeen Maccido. Wannan ne karo na uku cikin shekara biyu da muka jera kujeru a ɗakin nan don tunawa da wani namu. Mun gaji, jama'a. Saboda haka ba zan tsawaita ba.

Ya kasance malamin da ba ya yarda ɗalibi ya haddace abin da hannunsa bai taɓa ba. Ya kasance yakan kwashi aji guda cikin rana zuwa bayan Wamakko, su tono haƙoran kifin teku a dutsen farar ƙasa, don su gani da idonsu cewa ruwan teku ya taɓa kwanciya inda muke noman gero. Na tuna wani dattijo da ya tsaya da jakinsa ya ce, "Malam, mi kake hwaɗi? Teku nan? To ina ruwan yat tahi?" Dokta ya zauna a ƙasa ya yi masa bayani har la'asar ta kusa kuɓuce masa.

Amma akwai darasi guda da ya dame shi. Yakan koyar cewa ɓawon duniya iri biyu ne: na doron ƙasa mai kauri ne amma marar nauyi, na ƙarƙashin teku kuwa siriri ne, baƙi, mai nauyi, shi ya sa yake nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa idan sun haɗu. Na doron ƙasa muna da shi jibge. Na teku babu. Yakan ce mini, "Irmiya, ina faɗa wa yaran da ba su taɓa ganin teku ba abin da ni ma a littafi na gani."

Shekara goma sha ɗaya yana rubuta wasiƙu zuwa cibiyoyin bincike, yana roƙon ɗan guntun dutsen ƙarƙashin teku. Ni nake buga masa su. Wasu ba su amsa ba, wasu suka ce ya cike takarda, ya cike, shiru. Tun yana fushi har ya daina, amma bai daina rubutawa ba.

A watan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ƙunshi ya iso daga tsohuwar ɗalibarsa, Nabila, wadda ke aiki a jirgin ruwan bincike. Baƙin dutse ne daga ƙarƙashin teku, bai kai dunƙulen hannu ba. Na yanka shi, na yanka na doron ƙasa daidai girmansa, na kai masa gida. Hajiya, kina wurin, ke kika tayar da shi zaune. Hannun dama ya mutu, sai na ɗora masa na farko a hagu, na ɗauke, na ɗora na biyu. Ya ce in sake. Sau uku na sake. Sannan, na teku yana hannunsa, ya ce da harshen da ya yi nauyi, "Wanga ya hi nauyi. Ashe ban yi wa yara ƙarya ba." Bayan kwana tara Allah ya karɓi abinsa.

Hajiya Balkisu, kin yi haƙuri da mutumin da ya cika miki tsakar gida da duwatsu, ki ƙara. Abdulshakur, mahaifinka bai shiga aji da dutsen nan ba ko sau ɗaya. Ranar Litinin da ta wuce na zagaya da shi hannun ɗalibai sittin da biyu, kowa ya auna.

Shugabanni, sauran duwatsunsa suna cikin kwalaye a ɗakin ajiya mai yoyo. Ba mu da sauran ƙarfin rubuta wasiƙa. A ba su ɗaki.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafarsa ya zo. Allah ya jiƙan Dokta, ya sa ya huta, ya yalwata masa makwancinsa a cikin ƙasar da ya ƙare rayuwarsa yana karantawa. Allah ya ba iyalinsa juriya, mu kuma ya ƙara mana ƙarfi. Amin.