Ni Na Kai Ɗana Wurin 'Yan Sanda

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Hajiya Rakiya ce daga Kontagora.

Ɗana Nasiru ya yi baya da motar kayansa, ya daki motar maƙwabciyarmu Madam Saratu, malamar asibiti, tana ajiye a ƙofar gidanta. Ni kaɗai na gani. Ya ja motarsa ya nufi Salka abinsa.

'Yan inshora suka ce babu gyara sai da rahoton 'yan sanda, su kuma suka ce ta kawo wanda ya yi ɓarnar. Baiwar Allah ta koma hawa acaba.

Da ya dawo na ce, "Sa takalminka." Ya ce, "Haba Umma, ɗan cikinki fa?" Na ce, "Shi ya sa." Na tsaya a kansa har ya sa hannu.

Yanzu dangin ubansa sun daina gaishe ni, wai na tona asirin gida. To su ji, gobe ya sake, gobe zan sake kai shi.

Iyaye mata, ina laifina? Ina gaida Nasiru, in ya gama fushi tuwonsa na nan.